Gadar da Hadiza ta Gina wa Na'urar Jini

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina gwajin jini a wani ɗan ƙaramin asibiti a Yankara, amma in kun tambaye ni abin da na riƙe daga cikinsu, damina ɗaya ce. Ita nake so in ba ku labarinta, ku 'ya'yana da jikokina, tun ina da sauran hankalin da zan jera abin yadda ya faru.

Asibitin na Dakta Bitrus ne, mutumin wani ƙauye a bayan Ƙanƙara. Kakanninsa Maguzawa ne, mahaifinsa ya shiga addinin Kirista, shi kuma ya yi karatun likita ya dawo ya gina ɗakuna shida a bakin hanya. Zaman amana muka yi da shi. Abin da ya bambanta mu da sauran ƙananan asibitocin yankin shi ne wata na'ura mai ƙirga ƙwayoyin jini, wadda ya sayo ta hannu tun kafin in fara aiki. Girmanta kamar ƙaramin firji. Ka miƙa mata jini a kwalba, allurarta ta sauka ta zuƙa, kafin ka gama wanke hannu an san ko jinin yaro ya yi ƙasa har yana bukatar ƙari, ko kuwa wata cuta ce jiki ke fama da ita. Ita kanta na'urar ba ta da fuskar da za ta nuna sakamako. Wata waya mai kauri ce ta fito daga bayanta ta shiga wata tsohuwar kwamfuta, ta maƙale a jikin wani dogon kati kore da ke soke a cikinta. Mutanen Ruwan Godiya da na ƙauyukan Sabuwa wurinmu suke zuwa, musamman iyayen yara masu sikila, don a lokacin hanyar Funtuwa ta zama abin da sai ka yi wasiyya kafin ka hau, saboda 'yan bindiga.

A farkon waccan damina janareto ya yi wani ɓari, wuta ta zo da ƙarfi, na ji ƙauri. Kwamfutar ta mutu. Mai gyara ya zo daga Funtuwa ya duba, ya ce na'urar lafiyarta lau, katin ma haka, babban allon kwamfutar ne ya ƙone. Muka ce to da sauƙi. Dakta ya sayo sabuwar kwamfuta, aka buɗe ta, sai ga shi babu ramin da katin zai shiga. An daina yin irinsa tun da daɗewa. Aka cigita a Kano aka samo tsofaffin alluna biyu, ɗaya bai tashi ba, ɗayan ya yi kwana huɗu ya bi ɗan'uwansa. Kamfanin da ya ƙera na'urar kuwa ya rufe, babu wanda za a rubuta wa. Na ɗauko zane na lulluɓe ta, na koma ƙirga da ido a madubin likita kamar yadda aka koya mana muna samari. Sai dai idon ba na samari ba ne. Abin da na'ura ke yi kafin ruwa ya tafasa sai ya ci mini rabin sa'a, ga lokacin zazzaɓin cizon sauro, ga layi har waje. Akwai wata mata daga wajen Sabuwa da ta kawo ɗanta mai sikila, Dakta yana son cikakken gwajin da ba zan iya yi da hannu ba, ya ce su wuce Funtuwa. Kwana biyu babu motar da ta yarda ta bi hanya. Yaron ya rasu a ɗakinmu na uku. Ban ce na'ura za ta hana ajali ba, amma daga ranar na daina iya kallon zanen nan.

Ana cikin haka Hadiza ta zo gida. Ita ce 'yar farina, kuma bakina bai saba da sunanta ba, amma takarda ba ta da kunya. Ta karanta aikin kwamfuta a Zariya, can take da aure da Kabiru, malamin makaranta, suna da ɗa guda. Wani kamfani a Legas ya ɗauke ta aiki bayan jarrabawar da ta yi ta yi har sau uku, an ba ta kwana goma ta bayyana. Sallama ta zo yi mana. Uwarta, Hajiya Rakiya, wadda take kira Inna, ta yanka kaji, mahaifiyata Iya kuma tana ta tsokanarta wai za ta je ta manta tuwon dawa. Washegari ta biyo ni asibiti don ta gaida Dakta, sai ta ga abin da na lulluɓe. Ta ɗaga zanen, ta sa na ciro mata katin daga aljihun tebur, ta juya shi gaba da baya, ta nemi ƙonannen allon ta daɗe tana karanta 'yan rubuce-rubucen da ke jikinsa. Sannan ta tambaya ko faifan ajiyar bayanai na tsohuwar kwamfutar yana nan. Na ce yana nan.

"To ai ba a rasa komai ba, Baba," in ji ta. "Gada ce kawai ta karye."

Dakta ya jawo kujera ya ce ta yi masa bayani kamar tana yi wa ɗan aji ɗaya. Ta nuna mana wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu a kan ƙonannen allon, bai fi faɗin akwatin ashana ba.

"Wannan shi ake kira gada. Ƙwaƙwalwar kwamfuta da irin wannan tsohon kati ba hanyar magana ɗaya suke bi ba, sai ta nan saƙo yake ƙetarawa. A cikin faifan kuma akwai wata 'yar manhaja da ake ce wa direba, ita kaɗai ta san yadda ake sarrafa na'urar. Da an kunna kwamfuta, abin da direban ke fara yi shi ne ya nemi gadar ya tambaye ta ko wace ce. In bai ji amsar da ya sani ba, ba zai motsa ba. Sababbin kwamfutoci ba su da ita."

"Sai a samo wata gadar a liƙa," in ji Dakta.

"Ba inda za a liƙa ta. Amma zan iya rubuta manhajar da za ta zauna a cikin sabuwar kwamfuta ta yi kamar ita ce tsohuwar, da gadarta da komai. Direba ya yi tambaya, ta ba shi amsar da gadar za ta bayar. Saƙon da ya aiko kuma ta miƙa shi ta waya zuwa wani ɗan allo da zan haɗa, shi ya isar wa katin."

Na tambaye ta kwana nawa. Ta ce mako guda, in Allah ya so. Da muka koma gida na maimaita bayanin a tsakar gida yadda na fahimta, Iya ta ajiye carbinta ta dube ta.

"Wato Dije, karatun da aka kai ki Zariya ki yi, na yi wa direba ƙarya ne? In ya gane fa, mi za ki ce mashi?"

"Ba zai gane ba, Iya. In ya gane, ban iya aikina ba."

Kowa ya yi dariya ban da Hajiya Rakiya. Ita lissafin kwanaki take yi.

Na ga mutane masu ƙwazo a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda ya zauna da abu ɗaya kamar yadda yarinyar nan ta zauna da wannan gada ba. Da hantsi, in hasken rana ya cika batirin solar asibitin, sai ta shimfiɗa tabarma a lungun ɗakin gwaji, kwamfuta a cinya, ɗan allon da Kabiru ya aiko mata da kayansa daga Zariya a gefe. Ta samo tsohon littafin bayanin gadar a intanet, shafi ɗari da wani abu na Turanci da lambobi, ta bi shi layi-layi. Na katin kuwa babu shi a ko'ina a duniya. Sai ta yi dabara: ta sa manhajarta ta riƙa rubuta duk tambayar da direba ya yi, ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana kwafa a littafin makaranta tana nazarin abin da yake nema. Ranar da direban ya tambayi gadar sunanta ya karɓi amsar ya wuce gaba, sai da ta kira ni in gani, alhali ni layin lambobi kawai na gani. Daga nan ya sake tsayawa. Ta gano cewa in katin yana da saƙo, wata 'yar ƙararrawa yake bugawa ta cikin gada don a saurare shi, tata gadar kuma ba ta isar da bugun ta layin da direba ke jira. Wannan kaɗai ya ci kwana biyar. Ina gefe ina ƙirga ƙwayoyi da ido, ina satar kallonta. Ba ta tsaki, ba ta zargin na'ura. In abu ya ƙi, sai ta ce, "Akwai abin da ban ji daidai ba," ta koma shafin baya.

Kwana goma suka cika. Ta roƙi kamfanin, suka ƙara mata mako biyu, suka ce daga nan babu ƙari. Mako biyun ma suka zo ƙarewa, na'ura ta fara amsawa amma ba ta gama ba: allura ta sauka, ta zuƙi jini, sai komai ya daskare a tsakiya. Ana gobe motar da za ta kai ta Zariya ta kama hanyar Legas za ta tashi, bayan la'asar, Hajiya Rakiya ta same ni a ɗaki.

"Malam, ka ce mata ta tafi. Maganarka kaɗai take jira. Na'urar Dakta ce, ba gadon gidanku ba. Shekara nawa tana neman wanga aiki?"

Na ce ai ba yarinya ba ce, ta san abin da ya fi mata. Hajiya ta dube ni irin kallon da matar shekara talatin kaɗai ke iya yi wa miji.

"Ka san abin da kake yi," ta ce, ta fita.

Kuma gaskiya ta faɗa. Na sani sarai in na ce ta tafi za ta tafi. Ina son na'urar nan ta tashi, ina son in daina ganin iyaye suna zaune a baranda suna jiran mota, kuma ba na son a ce ni na hana 'yata abincinta. Sai na zaɓi shiru, don shiru ba ya barin shaida. Da zan fita masallaci na sami Hadiza a zaure tana zaune da jakarta a gefe, a ɗaure. Ta gaishe ni, na amsa, ta ɗan jira. Na sa takalmina na wuce. Da safe na tarar ta riga ni isa asibiti, tana kan tabarmarta. Kabiru ya kira ta a waya, na ji tana ce masa ba za ta iya barin abu a rabi ba, shi kuma, Allah ya saka masa, ya ce ta zauna ta gama, zai kula da yaro. Bayan kwana uku saƙon kamfanin ya zo cewa sun ba wani gurbin. Ta karanta, ta kife wayar a kan tabarma, ta fita bayan ɗaki wajen famfo ta daɗe. Da ta dawo fuskarta a wanke, ta ce in sake kawo mata kwalbar jini.

Sai da aka ƙara kusan mako uku. A nan ne na sa ɗan hannuna, kuma shi ne iyakar abin da na yi, ku riƙe wannan. Wata rana tana ta maimaita gwajin, sai na ce mata ni dai kunnena bai yarda da sautin ba. A da, in allura ta zuƙi jini, akwai ɗan tsayawa kamar mutum ya ja numfashi kafin injin ciki ya fara juyawa. Yanzu kuwa a tare suke tashi. Ta ɗago kai.

"Baba, sake faɗa. Tsayawar kamar yaya?"

Na ƙwanƙwasa mata a kan tebur da yatsa, yadda na ji shi shekara da shekaru. Ta rufe baki da hannu tana dariya.

"Gadata ta cika sauri. Tsohuwar a hankali take ƙetarar da saƙo, waɗanda suka rubuta direban kuma da wannan jinkirin suka dogara, ba su rubuta shi a ko'ina ba. Ni ina ba shi amsa tun katin bai shirya ba."

Ta koya wa gadarta jinkiri. Ta ƙara kaɗan, ta rage kaɗan, ina ƙwanƙwasa tebur tana gwadawa, har sautin ya koma wanda na sani. Jinina muka fara sawa. Allura ta sauka, aka ja numfashin nan, inji ya juya, sai ga lambobi sun jeru a fuskar sabuwar kwamfuta cikin tsohon tsarin da na saba gani. Na so a fara amfani da ita nan take, amma Hadiza ta ƙi, kuma Dakta ya goyi bayanta.

"In gadar ta ɓatar da lamba ɗaya a hanya, ba wanda zai sani sai an ƙara wa yaro jinin da ba ya bukata," in ji ta.

Kwana goma muka yi, duk jinin da aka kawo sai na ƙirga da ido, na'ura ma ta ƙirga, a gwada. Ta kuma sa wa manhajar wani tsaro, in saƙo ya ɓata a hanya ta ƙi nuna sakamako gaba ɗaya maimakon ta nuna na ƙarya. Ta rubuta mini matakan kunnawa da kashewa da Hausa a kwali, ta manna a bango. Sannan ta ɗauki jakarta ta koma Zariya, ba aiki, daidai lokacin da gero ya fara nuna. Dakta ya raka ta har mota, na ji yana ce mata:

"'Yata, na yi aiki da injiniyoyi a manyan asibitoci. Ban ga wanda ya saurari na'ura kamar ke ba."

Labari ya bazu ranar kasuwa cewa na'urar Dakta ta tashi. Da yake ni mutane suka sani a ɗakin gwaji, sai aka ce Malam Isa ya gyara. A masallaci ana miƙo mini hannu, wani dattijo daga Ruwan Godiya har zabbi biyu ya kawo mini. Dakta yana gyara musu magana duk inda ya ji, amma mutane suna ɗauka yabon 'yar abokinsa kawai yake yi. Ni kuwa in an yaba mini sai in ce, "Allah ne ya gyara." Na gaya wa kaina alkunya ce, uba ba ya yabon 'yar fari a bainar jama'a. Akwai alkunyar, amma akwai daɗin yabon ma, kuma shi ya fi yawa. Hajiya Rakiya ta yi wata guda ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa da ga abinci. Zabbin nan ma ta ƙi dafawa, sai Iya ce ta sa aka yanka.

Shekara biyu Hadiza ta yi ba ta sami aikin da ya dace da karatunta ba. Tana koyar da yara kwamfuta a wata makarantar kuɗi, tana gyaran wayoyin mata a cikin gida. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya. Manhajar gadar ta sa ta a intanet kyauta, da bayanin jinkirin da komai, don duk mai irin na'urar ya amfana. Ta nan ne daga baya wasu masu gyaran kayan asibiti suka neme ta, kuma da su take aiki har yau, daga ɗakinta. Na'urarmu ta ƙara shekara shida tana aiki a kan gadar nan kafin a sami sabuwa. Yara nawa aka gwada a cikin shekarun, ban ƙirga ba. Wasunsu yanzu suna kawo nasu 'ya'yan.

Bayan na ajiye aiki na je Zariya ganin likitan ido, na sauka a gidanta. Da safe Kabiru ya tafi makaranta, yara sun fita, ta kawo mini kunu ta zauna a bakin ƙofa. Na daɗe ina juya ludayi kafin na iya buɗe baki. Na ce mata akwai abin da ke cina tun waccan damina: ranar da na same ta a zaure da jaka, kamata ya yi in ce ta tafi, ban ce ba, kuma ina neman gafararta.

"Baba, ba tafi nake jira ka ce ba. Tun da na ga rigar yaron nan na Sabuwa da uwarsa ta manta a ɗaki na uku, Dakta ya ba ni labarinsa, na san ba inda za ni. Jakar don Inna na ɗaure ta. Abin da na zauna jira a zaure shi ne ka ce mini, tsaya, ina bukatarki. Da ka faɗa, da shekara biyun nan ba su yi mini nauyi haka ba, don da mu biyu muka ɗauka. Sai ka sa takalmi ka wuce."

Shekara da shekaru ina tuhumar kaina da laifin da ba shi ne nawa ba, na ainihin kuma ban ma san da shi ba. Na ajiye ludayin, na ce mata a lokacin ina bukatarta ƙwarai, fiye da yadda na taɓa bukatar wani mutum, kuma tsoro ne ya hana ni faɗa.

Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafinta.

"To, na ji yanzu," ta ce. "Sha kununka, Baba, kada ya huce. Ƙarfe tara likitan ya ce."

Na sha. Ta ɗauko makullin mota, ta riƙe mini hannu a kan matakala saboda idon, muka tafi.